A Harba ko a Rataye? Rigimar Masu Tsofaffin Bindigogin Soja a Amurka

A cikin masu sha'awar tsofaffin bindigogin soja a Amurka akwai wani suna da ake jifan mutum da shi idan ana son a muzanta shi, wato Bubba. Ba wani takamaiman mutum ba ne. Bubba shi ne baƙauyen da zai samu bindigar da ta ga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauko zarto ya datse katakonta, ya huda ƙarfenta don ya ɗora madubin hangen nesa, ya goge tambarin masana'antar da ta ƙera ta, wani lokaci har ya bi ta da fenti. Idan aka ce "Bubba ya taɓa wannan", an gama magana, kuɗinta ya faɗi warwas, mai ita kuma sai ya yi ta kame-kame.

Abin da masu wannan zagi ba su cika son a tuna musu ba shi ne, Bubban nan kakansu ne, kuma a zamaninsa babu wanda ya ga laifinsa. Bayan 1945 ƙasashen Turai sun wayi gari da miliyoyin bindigogin da ba su da abin yi da su. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Cummings, wanda ya kafa kamfanin da aka fi sani da Interarms a 1953, ya riƙa bin rumbunan makamai na gwamnatoci yana kwashe su a farashin gwanjo, yana jibge su a garin Alexandria na jihar Bajiniya. A shekarun 1950 da farkon 1960 ana tallar Lee-Enfield ta Birtaniya da Carcano ta Italiya a shafukan mujallu a ƙasa da dala 20, alhali sabuwar bindigar farauta mai kyau ta haura dala 100. Manomi ko leburan masana'anta da ke son ya harbo barewa ya sa nama a gida, me zai yi da dogon katakon da ya rufe bututun bindiga har baki, ko maƙalar wuƙar da soja ke sokar abokin gaba da ita? Nauyi ne kawai. Sai ya yanke. Mujallun maharba na lokacin har koya wa mutane suke yi yadda ake wannan gyara. Ba kuma talaka kaɗai ba: Theodore Roosevelt, bayan ya sauka daga mulki, ya tafi farauta Afirka a 1909 da bindigar sojan Amurka Springfield 1903 wadda aka gyara masa ta dace da daji.

Ɗaya daga cikin waɗannan bindigogi masu arha ce ta rufe ƙofar. A watan Maris na 1963 Lee Harvey Oswald ya yi odar Carcano ta gidan waya daga wani kanti a Chicago, da sunan ƙarya, a kan dala 19 da santi 95 haɗe da madubinta. Da ita aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara. Bayan an kuma kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta zartar da dokar da ta hana aika wa mutum bindiga ta gidan waya daga wata jiha, ta kuma hana shigo da rarar bindigogin soja daga ƙetare. Sai a 1984 aka sassauta, aka yarda a shigo da waɗanda suka cancanci a kira su kayan tarihi. Hukumar ATF, mai kula da lasisin bindiga, tana ɗaukar bindigar da ta shekara 50 a matsayin kayan tarihi, kuma da dala 30 mutum zai iya yankar lasisin mai tara irin waɗannan na shekara uku, a riƙa kawo masa su har gida, da sharaɗin ya ajiye littafin da yake rubuta shigarsu da fitarsu, kuma kada ya mayar da abin sana'a.

Ambaliya ta biyu ta zo ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Sobiyet ba ta zubar da komai. Mosin-Nagant, wadda Rasha ta fara amfani da ita tun 1891 a zamanin sarauta, kuma aka ƙera kimanin miliyan 37 nata, bayan yaƙi an gyara ta, an dulmiya ta cikin wani giris mai kauri da ake kira kosmolin, an jera a akwatuna ana jiran yaƙi na uku. Yaƙin bai zo ba, sai 'yan kasuwa suka zo. Daga shekarun 1990 har zuwa farkon 2010 ana samun ta a ƙasa da dala 100, harsashinta kuma yana zuwa a cikin gwangwani kamar na kifi, guda 440 a kowane ɗaya, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duk wani saurayin da ya fara riƙe bindiga a wannan zamani yana da labarin yadda ya shanya katakon Mosin a rana, giris yana tsattsafowa yana gogewa. Haka SKS ta ƙasar Sin ta cika kasuwa kafin gwamnatin Clinton ta hana shigo da ita a 1994. A lokacin, wa zai ce maka kada ka taɓa? Araha ba ta ado. Ana kiran Mosin da sunaye na raini, ana ba'a da tsawonta da ƙararta da yadda sakatarta, wato ƙarfen da ake ja da hannu a ɗura harsashi, ke cijewa sai an buga da tafin hannu.

Ni a ganina, duk wannan rigima ta "a harba ko a rataye", wato a ci gaba da harba tsohuwar bindiga ko a adana ta a matsayin kayan tarihi, daga rijiya ɗaya take ɗiba, wato ƙarewar kaya. Girmama tarihin da ake ta faɗa yau bai iso ba sai da akwatunan suka fara ƙafewa. Kuma wannan karon ƙafewar ta dindindin ce. Dalili kuwa shi ne, daga shekarun 1950 rundunonin duniya suka koma ga bindigogin da ke iya ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa, irin su AK-47 da FAL da M14 da M16. Dokar Amurka ta 1934 ta tsananta mallakar irin waɗannan, ta 1986 kuma ta hana farar hula yin rajistar sababbi, ATF kuma tana kan ra'ayin cewa bindigar da aka ƙera a matsayin mashinga ta zama mashinga har abada ko da an gyara ta. Saboda haka ba za a taɓa ganin ranar da soja zai fitar da tsofaffin M16 a sayar wa jama'a yadda aka yi da na baya ba. Bindigogi masu sakata, da 'yan kaɗan masu ɗura kansu harbi ɗaya bayan ɗaya irin su Garand ta sojan Amurka da SKS, su ne na ƙarshe a layin. Rikicin Rasha da Yukren daga 2014 ya ƙara toshe hanya, a 2021 kuma gwamnatin Biden ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha. Mosin ɗin da ake raina wa yanzu ta ninka kuɗinta sau da yawa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi ya sa hirar tsofaffin hannu ba ta wuce "da na sani da na sayi akwati guda".

To, a cikin wannan yanayi ne ra'ayoyi suka rabu. Mai tarawa yana kallon bindiga kamar takardar tarihi. Abin da ya fara dubawa shi ne lamba: shin lambar da ke jikin uwar bindigar, wato babban ƙarfen da ake ɗaura sauran sassa a kansa, ta yi daidai da ta sakata, da ta gidan harsashi, da ta katako? Idan duk sun zo ɗaya, kuɗi ya tashi. Sai tambura. Bindigar Arisaka ta Japan tana ɗauke da hatimin fure mai ganye 16, alamar cewa mallakar sarki ce, kuma yawancin waɗanda aka miƙa bayan saranda an kankare musu furen. Wadda furenta ke nan lafiya lau ta fi daraja nesa ba kusa ba, domin ana kyautata zaton a fagen fama aka tsince ta. Har ɗan rubutun da doka ta tilasta wa kamfanin da ya shigo da bindiga ya buga a jikinta yana rage mata ƙima a idonsu, domin wadda ba ta da shi tana iya zama soja ne ya dawo da ita gida a cikin jakarsa. A wajen irin wannan mutum, goge katako da yashin takarda daidai yake da yaga shafi daga littafi. Tabo da ƙwarzane da baƙin da gumin hannu ya bari, su ne abin da ya biya kuɗi a kai. Bai ɗauki kansa mai ita ba, mai riƙo ne na ɗan lokaci, kuma yakan ce haka da bakinsa.

Mai harbi kuwa cewa yake bindigar da ba a harbawa sanda ce. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Yana cewa ba za ka san abin da sojan 1944 ya ji ba sai ka ɗora kilo huɗu da wani abu a kafaɗa, ka nemi saiti ta ƙaramar ƙofar ƙarfe, ta harba ta tokare ka, ka ji yadda kunamarta ke jan yatsa. An ƙera abin nan ne ya jure taɓo da ƙanƙara da sojan da bai yi barci ba, ta yaya harsashi 50 ranar Asabar za su kashe shi? Kuma gwamnatin Amurka da kanta tana bayansa. Tun 1903, bayan an ga yadda sojoji suka kasa saiti a yaƙin da aka yi da Sifen a 1898, aka kafa wani shiri na koya wa farar hula harbi. A 1996 majalisa ta cire shi daga hannun soja ta mayar da shi ƙungiya mai zaman kanta, wadda aka sani da CMP, mai ofisoshi a Anniston ta jihar Alabama da kusa da Camp Perry a jihar Ohayo, inda ake gasar harbi ta ƙasa tun 1907. Aikinta ya haɗa da sayar da M1 Garand ga ɗan ƙasa da ya cika sharuɗɗa: ya kasance a cikin ƙungiyar harbi mai alaƙa da ita, ya nuna shaidar ya san harkar, a kuma binciki tarihinsa. Akwai gasa ta musamman wadda ba a shiga sai da tsohuwar bindigar soja a yadda aka raba ta ga sojoji, ba ƙari ba ragi. A nan masu harbi da masu tarawa suka haɗu a kan abu ɗaya, dukkansu ba sa son Bubba.

Garand tana da wani matsayi daban a zuciyar Ba'amurke. John Garand, haifaffen Kanada, shi ya zana ta a masana'antar gwamnati ta Springfield, soja suka karɓe ta a 1936, aka ƙera fiye da miliyan 5. Har kamfanin International Harvester mai ƙera motocin noma ya ƙera ta a zamanin yaƙin Koriya. Tana cin harsashi takwas a cikin wani maƙalin ƙarfe da ke tsalle waje da ƙara "ƙyal" idan na ƙarshe ya fita, kuma wannan ƙarar kaɗai ta sayar da bindigogi da yawa ga matasan da suka fara jin ta a fina-finan yaƙi da wasannin kwamfuta. Ga wanda kakansa ya riƙe irinta a fagen yaƙin Normandi na Faransa, maganar ba ta ƙarfe da katako ba ce.

Masu tarawa suna da amsa, kuma wani ɓangarenta ba na son zuciya ba ne. Akwai bindigogin da harba su kasada ce. Springfield 1903 na farko-farko, masu lamba ƙasa da 800,000 daga masana'antar Springfield da ƙasa da 285,507 daga masana'antar Rock Island, an gasa ƙarfensu ta hanyar da ta sa wasu suka yi gautsi, an kuma samu waɗanda suka fashe a hannun sojoji. CMP tana ba da shawarar kada a harba su, amma har gobe akwai masu cewa an zuzuta haɗarin. Sannan tsohon harsashin soja yakan bar wani gishiri a cikin bututu wanda ke jawo danshi, idan ba a wanke da ruwa a ranar ba sai tsatsa ta cinye cikinsa. Bututu da yawa sakacin masu su na farar hula ne ya lalata su, ba yaƙi ba. Idan kuma katakon da ke ɗauke da lambar asali ya tsage, babu kantin da za a sayo wani.

Inda nake ganin masu tarawa suna yaudarar kansu shi ne a kan kalmar "asali". Wane asalin? Sojoji ba su taɓa ɗaukar bindiga abin tarihi ba. Yawancin Garand an kwance su bayan yaƙi, an zuba sassansu wuri ɗaya, an sake haɗawa ba tare da kula wane na wane ba ne. Sobiyet ta yi haka da Mauser K98k na Jamus da ta kama, ta gauraya sakatu, ta rubuta sababbin lambobi da alƙalamin lantarki. Finlan ba ta ƙera uwar Mosin ba, sai dai ta ɗauki ta Rasha, wasu ma kamfanonin Amurka irin su Remington ne suka ƙera wa Sarkin Rasha su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta sa musu sabon bututu da sabon katako, ta fito da samfurin da kowa ya yarda ya fi na Rasha saiti, ta juya su a kan masu su a yaƙin hunturu na 1939. Isra'ila a farkon kafuwarta ta yi amfani da K98k, har akwai waɗanda ake ganin tambarinta kusa da ragowar gaggafar Jamus, daga baya ta canza musu bututu zuwa harsashin NATO. Duk wannan gyara ne, yanka ne, sauyi ne. Bambancinsa da na Bubba shi ne gwamnati ce ta yi, da hatimi.

Abin ya kai ga wani abin dariya. Wani zai sayi Garand mai gaurayen sassa, ya shafe shekaru yana farautar sassan da suka dace da watan da aka ƙera uwarta, ya haɗa, ya ce ya "daidaita" ta. To ai bindigar da ya samar ba ta taɓa wanzuwa ba, wadda ta wanzu kuwa, wadda maƙerin soja ya haɗa a 1950, shi ya wargaza ta da hannunsa. Kuma tun da tambari ya zama kuɗi, 'yan damfara suka shigo. Ana buga tamburan jabu na SS, rundunar Nazi ta musamman, a kan Mauser, ana ɗora madubi a kan Mosin ta gama-gari a sayar da ita a matsayin ta gwanayen harbin kwanton ɓauna. A ɗaya gefen kuma, gyararrun Springfield da kamfanin Griffin & Howe na New York ya yi wa masu kuɗi tun shekarun 1920 yanzu su ma tara su ake yi da tsada. Ashe laifin Bubba ba yankan ba ne, rashin iya yankan ne da kuma zuwa a makare.

Maganar tambarin Nazi kuwa ba kowa ke son a buɗe ta ba. Mafi yawan masu tara K98k za su ce ganimar yaƙi ce, shaidar nasarar kakanninsu, kuma gaskiya ne ga da yawa. Amma kasuwa tana biyan ƙari a kan gaggafar da ba a kankare ba, ta ƙara wani ƙarin a kan tambarin rundunar da ta fi kowace aikata ta'asa, kuma akwai masu bindigar da wannan ke sosa musu rai, har sukan ƙi tsayawa a teburin da aka baje irin kayan a wurin baje kolin bindigogi. Kishiyar wannan ita ce K31 ta Siwizalan, wadda ba ta je yaƙi ba. A ƙarƙashin farantin ƙarfen gindinta sau da yawa akan samu 'yar takarda mai ɗauke da sunan sojan da aka ba, da shekarar haihuwarsa da garinsu. Wasu masu saye sukan rubuta wasiƙa zuwa adireshin, wani lokaci tsoho ko 'ya'yansa su amsa.

Tashin farashi ya kori rukuni guda gaba ɗaya, wato mai neman bindigar aiki da arha. Kuɗin Mosin a yau zai sayi sabuwar bindigar farauta mara nauyi wadda ta fi ta saiti, matasa da yawa kuma bindigar zamani AR-15 suka sa a gaba, suna kallon tsofaffin nan a matsayin kayan nishaɗi. Sai dai a Kanada abin bai mutu ba. SKS ta zama bindigar farauta ta yau da kullum a ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, shi ya sa da gwamnati ta kawo gyaran doka a ƙarshen 2022 da zai haramta ta, shugabanninsu suka yi tsaye, aka janye gyaran a Fabrairun 2023. Dakarun sa-kai da ke sintiri a arewacin ƙasar mai ƙanƙara sun riƙe Lee-Enfield tun 1947 sai a 'yan shekarun nan aka sauya musu, domin sakatarta ba ta daskarewa. A Amurka ma masu tarawa da ke ganin kamar sun yi nesa da siyasar bindiga sun gane kurensu lokacin da gwamnatin Obama ta hana dawo da dubban Garand daga Koriya ta Kudu don sayarwa. Waɗanda suka dawo daga Filifin a 2018, kimanin 86,000, ta hannun soja suka bi zuwa CMP, domin tun asali aro aka ba da su.

Mu a nan ba baƙin Lee-Enfield ba ne. Ita 'yan mazan jiya suka riƙe a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma a dazuzzukan Bama, lokacin da Hausa ce harshen bariki, kuma ita ce "mak fo" ɗin da aka daɗe ana gani a kafaɗar 'yan sanda. Amma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu cin irin harsashin Lee-Enfield, a jerin waɗanda aka haramta wa farar hula, don haka babu wata al'ada ta tara su. Inda kuma bindigar yaƙi a hannun wanda ba soja ba take nufin hari da garkuwa da mutane, da wuya a ji wannan muhawara a matsayin hirar sha'awa. Ko ita Mosin ba ta gama zama tarihi ba, domin a 2022 an ga hotunan waɗanda aka tilasta wa shiga soja a yankunan Donetsk da Luhansk suna riƙe da ita a bakin daga.

Babban rumbun da aka buɗe a baya-bayan nan a Afirka yake. Wajen 2019 wani kamfani ya fara kwaso bindigogi daga ma'ajiyoyin gwamnatin Habasha zuwa Amurka: Carcano da Italiya ta bari, Enfield, Mauser, har da irin Gras ta Faransa da Vetterli na zamanin da Sarki Menelik ya ci Italiya da yaƙi a Adwa a 1896. Sun iso da ƙura da tsatsa, bututun wasu ya sulɓe, katakon wasu an ɗaure shi da waya ko an yi masa faci irin na ƙauye, wasu da rubutun Amharik a jiki. Masu harbi suka yi ta ƙorafi cewa rabinsu ba su harbuwa. Masu tarawa kuma suka tsaya suna gardama a kan wayar nan da wani sojan Habasha ya naɗa da hannunsa, a cire ta ne ko a bar ta.